Kada Ki Dawo Gida Haihuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ku Sakkwato lafiya, ke da maigidanki Malam Nasiru da abin da ke cikinki. Allah Ya rufe idon mutanen daji daga motarku tun daga tashar Isa har ku sauka. Allah Ya sa sabon gidan ya karɓe ku, Ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronSa.

Kin ga na rubuta sunanki. Shekara ashirin da shida ban kama shi da bakina ba saboda kunyar ɗan fari, sai "ke", sai "waccan". Ke ma kika tashi kina ce mini Malama kamar sauran 'yan makaranta, kakarki da ta goye ki ita kike kira Inna. Yau na ajiye kunyar. Na zauna na auna abin da ta tsinana mini, ban samu komai ba sai abin da za ki karanta a takardar nan.

Maganata ɗaya ce, sauran duk hujja ce. Kada ki dawo gida haihuwa. Ki zauna Sakkwato, ki ci gaba da awo, ki haihu a asibitin da ake yin aiki in ta kama.

Na san ba haka kika amsa wa Gwaggonki Luba ba. Ina nan tsakar gida shekaranjiya ina tankaɗe, na ji komai.

"Wata takwas na cika ki tattaro ki taho goyon ciki," in ji ta. "Itacen wanka na tara, ɗaki na share. Ɗiyan gidanga ba a gadon asibiti suka saba faɗowa ba."

Kika ce, da 'yar muryar nan taki, "Gwaggo, likitar awo ta ce jikina ƙarami ne, wai in haihu inda ake aiki ko da za a buƙata."

"Likita ta ce. Ita ta halicci jikin? Ni tara na haifa a gwiwa, ko maƙwabta ba su ji tarina ba. Ga uwarki nan, bakwai. Mi ya same mu? Yankan ciki na ragwaye na."

Kika sunkuyar da kai kika ce, "To, Gwaggo."

Wannan "to" ɗin ne ya sa na ɗauki biro. Na san shi. Nawa ne, ni na gadar miki. Kuma ni da nake jin haushinki, ina zaune da rariya a hannu ban ce uffan ba, don yayar babanki ce, don kuma na saba. Ta yi tambaya, mi ya same mu. Bari in ba ki amsar da ban ba ta ba.

Mahaifata ta zazzago. Ba ciwon gwiwa ke sa ni sallah a zaune ba, ƙarya na yi muku. Akwai wani abu da ke leƙowa ta gabana in na daɗe tsaye, da farko kamar ƙwan kaza, daga baya ya kai lemo. Da safe yana ciki. Kafin la'asar ya sauko, ƙuguna na ja kamar an ɗaura mini dutsen niƙa. Na yi shekaru sai na mayar da shi da yatsa kafin fitsari ya samu hanya. Na yi shekaru ina ɗaure da ƙunzugu ba don al'ada ba, don dai ya tallafe shi, har gogar zane ta yi masa miki. Kin sha tambayata me ya sa nake tafiya kamar mai tsoron taka ƙaya. To ga dalili.

Kin tuna ragayar da ke ɗakin Inna, wadda take rataye ƙwaryar nono? A ƙasan ƙugun kowace mace akwai irinta, ta nama da jijiya, ita ke riƙe da mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji. Ciki yana ɗora mata nauyi. Haihuwa tana buɗa ta iyakar buɗawa. In an bi ta a hankali takan koma, ko da ba ta koma daidai ba. In an fizge ta, wasu igiyoyin tsinkewa suke, kuma igiyar da ta tsinke a can ba ta ƙulluwa da ruwan zafi. Sai ƙwaryar ta fara karkata, shekara bayan shekara. Ban san wannan ba sai da na haura arba'in. Ni da na karantar da ɗiyan mutane sassan jikin ɗan'adam a allo, ban san nawa ba.

Kuskurena na fari ranar haihuwarki na yi shi. Ina da shekara ashirin, na tafi goyon ciki wurin Inna a ƙauyenmu na bayan Bafarawa, da damina. Naƙuda ta taso ranar Talata da hantsi. Aka kira ungozoma, wata tsohuwa da ake ce wa Ta-Alkalawa, mai hannu kamar icen ƙirya. Tun ciwon fari ta durƙusar da ni. "Yi nishi. Ƙara. Ke ba ki ci tuwo ba?" Na yi ta nishi wuni guda. Daga baya na karanta cewa bakin mahaifa sai ya gama buɗewa kafin a fara turo ɗa. Ni kuwa jaki da kaya na yi ta turawa cikin ƙofar da ba a zare wa sakata ba. Ranar Laraba da abin ya ƙi, aka kira mata biyu suka hau danna mini ciki daga sama da iyakar ƙarfinsu, kamar masu matse ƙuli.

Inna na tsaye bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, ita ma kunya. Abin da take saurare shi ne ko za ni yi kuka in ba ta kunya a gari. Na cusa bakin zane a bakina na cije. Ban yi ba.

Sai ranar Alhamis da safe, da idona ya fara juyewa, kawuna ya ɗora ni a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota zuwa Isa. A asibiti aka sa ƙarfe mai kama da ludayi biyu aka kama kanki aka jawo ki. Na ƙaru har kusa da baya, aka ɗinke. Ba na zagin ƙarfen nan, shi Allah Ya sa ya zama sanadin rayuwarmu ni da ke. Amma duk inda na karanta, haihuwar da aka jawo da ƙarfe ita ta fi kowace iri illata ragayar nan, ita da doguwar naƙudar da kan ɗa ya daɗe a maƙale. Ni na haɗa duka biyu a haihuwa ɗaya. Ladan da na samu? Ranar suna mata suka yi ta cewa, "Asabe jaruma, kwana biyu ko uhm ba a ji ba." Na ji daɗi, Balkisu. Wallahi na ji daɗi. Wannan jin daɗin shi na fi tsana a cikin labarin duka.

Don haka in ciwo ya taso ki tafi asibiti da ƙafarki, kada ki jira a ɗauke ki. Kada ki yi nishi sai malamar asibiti ta duba ta ce ƙofa ta buɗe. Kada ki bar kowa, ko wace ce, ta danna miki ciki. Kada ki sha wani jiƙo ko ki karɓi allurar mai kemis don naƙuda ta yi sauri. Kuma ki buɗe bakinki. In ciwo ya canza ki faɗa, in kin ji ƙarfinki ya ƙare ki faɗa, in kuka ya zo ki yi abinki. Mai shiru a ɗakin haihuwa ita ake mantawa da ita, don ana zaton lafiyarta lau.

Kuskure na biyu ya fi na fari muni, don na fari jahilci ne, wannan kuwa da idona buɗe na yi shi. Cikin ƙanenki Bashiru ne, na huɗu. Lokacin ina koyarwa a Isa, ina zuwa awo, ina karanta duk takardar da aka liƙa a bangon asibiti. Da wata tara ya kama likita ya duba ya ce yaron babba ne ƙwarai, kuma da irin ƙarin da na yi a haihuwar fari, shawararsa a yi mini aiki. Ya miƙa wa babanki takarda ya sa hannu. Babanki ya riƙe biro ya dube ni.

"Malama, mi kika ce?"

Na ce, "In ka sa hannu ban yafe ba."

Ya ajiye biron. Mutum ne mai gudun rigima, kin san shi. Likitan ya dube ni ya ce, "Malama, ke da kika yi karatu?" Na ɗaure fuska na ɗauki mayafina.

Ba wuƙa na ji tsoro ba. Wata maƙwabciyarmu na tuna, da aka yi wa aiki shekara guda kafin nan. Ranar sunanta ina zaune wata ta shigo ta ce, "Barka da arziki dai za mu ce, ba barka da haihuwa ba, tunda ciro mata aka yi." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Matar na kwance da ɗinki a ciki tana murmushin dole. Dariyar nan na tuna a gaban likita, na ga kaina kwance a wurinta. Na sa jikina a faranti ɗaya na sikeli, bakin matan unguwa a ɗaya, bakin ya rinjaya.

Na haifi Bashiru a gida bayan wuni da rabi. Kin san girman kansa har yau, hula ba ta zama masa sai an saƙa. Tsohon ɗinki ya sake buɗewa. Aka rangaɗa guɗa. Kafin in gama wankan arba'in na fara jin kamar na zauna a kan wani abu alhali ina tsaye. Cikin masu guɗar nan babu wadda ta taɓa riƙe mini buta.

A nan ki karanta a hankali, don ba na son ki ɗauki fushina ki mai da shi wata sabuwar wauta. Ban ce ki tafi ki roƙi a yanka ki ba. Aiki ba wasa ba ne. Akwai zubar jini, akwai ciwon da kan shiga miki, akwai tabo a jikin mahaifa wanda zai sa duk haihuwar da za ki yi bayansa dole a babban asibiti, kuma ba a maimaita shi ba iyaka. Macen da aka yi wa aiki ta koma haihuwa a gida, tabon na iya fashewa. Kuma aikin bai kulle ƙofar zazzagowa gaba ɗaya ba, don ciki kansa nauyi ne, tsufa ma na sassauta igiya. Abin da na fahimta daga karatuna da bakin likitoci shi ne wannan: matan da duk haihuwarsu ta aiki ce, abin ya fi ƙaranci a cikinsu. Masu haihuwa da kansu ya fi yawa, kuma kowace haihuwa ƙari take yi a kan ta baya. Waɗanda aka jawo wa da ƙarfe, ko ɗa ya yi girma, ko naƙuda ta yi tsawo, su ne a gaba. Duk da haka mata da yawa suna haihuwa da kansu su tsufa lafiya lau, kuma ina roƙon Allah ki zama cikinsu. In masu duba ki suka ce hanya ta isa, bismillah, haihu da kanki. In suka ce ba ta isa ba, ko naƙuda ta tsaya, kada ki tsaya gardama. Wanda ya duba ya auna shi zai faɗa, ba wadda ke zaune tsakar gida tana tsinke zogale ba.

Ki zaunar da Malam Nasiru tun yanzu, tun ba ciwo, ki gaya masa in an miƙo takarda ya sa hannu, kada ya tsaya bugo waya gida neman izinin kowa. Ki sa shi ya maimaita miki da bakinsa. Maza da yawa ba mugunta ke hana su ba, tsoron a ce su suka sa aka yanka 'yar mutane ne. Ki cire masa wannan tsoron da wuri.

Kuskure na uku ba na rana ɗaya ba ne, na kullum ne. Kwana goma da kowace haihuwa na koma turmi. Ana dafa mini ruwan wanka safe da yamma, ana dama mini kunun kanwa, ana gasa ni kamar kilishi, amma ba wanda ya ce kada in ɗaga tulu. Ni ma ban so a ce ba. In na dawo makaranta in yi surfe, in jawo guga, da kaka in taya sauke damman gero daga amalanke don a ce matar malam ba ta da girman kan 'yan boko. Hayaƙin murhu ya sa mini tari, na bar shi wata da watanni, kowane tari yana tura abin ƙasa. Bayan gida ya yi ta yi mini tauri, na yi ta yunƙuri. Kuma ga ciki a kan ciki. Bakwai cikin shekara goma sha huɗu, uku daga ciki bayan na riga na san wani abu ya saki. Ina son ku duka, babu wanda za ni mayar. Amma ko gona ana barinta ta huta, ni ban bar kaina ba.

Ke in kin haihu, wata biyu ko uku kada ki ɗaga abin da ya fi jaririnki nauyi. Jarkar ruwa aikin mijinki ce ko mai ruwa. Gero a kai inji, ba a rubuta lada a gindin turmi ba. Ki ci ganye, ki sha ruwa, kada ki yi kokawa da bayan gida. Tari ya wuce mako biyu ki nemi magani. Akwai kuma motsa jikin da aka koya mini bayan aikin gama ya gama: ki matse ƙasanki kamar mai riƙe iska a cikin mutane, ki ƙirga biyar, ki saki, sau goma, safe da rana da yamma. Ba wanda zai gani. Ki fara tun yanzu da cikin. Ki tambayi malamar awo ta tabbatar miki kina yin shi daidai. Sannan ki ba da tazara tsakanin haihuwa da haihuwa, ku yi maganar da mijinki ido da ido, ku je asibiti tare. Duk wadda ta tambaye ki ina ƙanen yaro, ki ce yana wurin Allah, ki ci gaba da abin da kike yi.

Na huɗu shi ne shiru. Shekara goma sha shida ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina basir ne ya ɓata hanya. Na sayi maganin basir a kasuwar Isa wurin mai lasifika, na sha har cikina ya ɗaure. Na zauna cikin ruwan bagaruwa. Na sha rubutu ban gaya wa malamin abin da ake rubuta wa ba. Babanki kuwa na yi ta guje masa, yau ciwon kai, gobe azumin nafila, har ya daina tambaya. Ya ɗauka ƙinsa nake. Mun yi shekaru a gida ɗaya muna gaisuwa kamar surukai. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa cewa "Asabe, mi ke damunki?" ya tsaya jin amsa ba. Laifina ne da nashi, nawa ya fi.

Koyarwa ma ba don gajiya na bari ba, kamar yadda na gaya muku. Wata rana ina aji huɗu, ina rubutu a saman allo, ƙurar alli ta shige mini hanci na yi atishawa. Na ji abin ya fito gaba ɗaya, fitsari na bin ƙafata har cikin takalmi. Yara sittin a bayana. Na tsaya fuskata a allo, na ce su rufe ido su karanta mini jadawalin bakwai da ƙarfi. Suna "bakwai sau uku" na ja jiki na fita. Ban sake shiga aji ba. Shekara goma sha takwas ina aikin nan, kuma na iya shi, Balkisu. Na iya shi fiye da wanda aka ba kujerata.

Abin da za ni faɗa yanzu bai kamata a faɗa ba, ina neman gafarar Allah. Abin da mai wankan gawa ta gani amana ce. Na juya shi a raina na ga in na riƙe amanar wadda ta tafi, za ni ci amanar wadda ke raye.

Shekara uku ke nan da rasuwar Inna. Kina makaranta lokacin, kafin ki iso an kai ta. Ni na yi mata wanka, Gwaggonki Luba na zuba ruwa, da yake ta saba. Da na sa hannu ƙarƙashin zane don in tsarkake ta, sai na ji ƙunzugu, tsohon tsumma an naɗa shi da kyau an ɗaure da igiya a ƙugu. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, me za ta yi da ƙunzugu? Na kwance. Irin nawa ne, ya ma fi nawa, fatar ta bushe ta yi kanta saboda daɗewa. Matar da ta haifi goma sha ɗaya, wadda ake misali da ita a ƙauyenmu. Matar da ta tsaya bakin ƙofa tana sauraren ko za ni yi kuka. Ashe duk ranar nan tana tsaye ne da nata a ɗaure.

Na ɗago na dubi Luba. Ba ta yi mamaki ba. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta karkato buta ta ce a hankali, "Rufe mata, Malama. Kowa da nata. Haka Allah Ya yi mata."

Kowa da nata. Na dube ta da kyau ranar nan, na ga yadda take zama a gefen cinya ɗaya, yadda take dafa ƙasa ta haɗe ƙafa kafin ta miƙe. Ban tambaye ta ba, ba ta faɗa ba. Ita ce shekaranjiya take tambayarki mi ya same mu.

Na san yadda kike son Inna, na san wannan zai yi miki zafi. Ba don in rage ta a idonki na faɗa ba. Ta so ki, ta so ni, abin da aka ba ta shi ta ba ni. Amma na kasa yafe wa shirun. Da ta ja ni ɗaki sau ɗaya ta ce, "Ɗiyata, ga abin da haihuwa ta yi mini, ki kiyaye," da watakila ban ce wa babanki ya ajiye biro ba. Muna ɗinka wa 'ya'yanmu kayan ɗaki, muna koya musu yaji da turare, muna ɓoye musu abu ɗaya da zai bi su har kabari. Sannan mu kira shi kunya. Ba haka Allah Ya yi mata ba. Allah Ya yi ciwo, Ya yi magani, Ya kuma yi mana baki.

Bayan sadakar arba'in ɗin Inna na gaya wa babanki, a zaure, da rana tsaka, ina kallon ƙasa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Shekara nawa?" Na faɗa. Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Ni kuwa ina nan ina cewa wani laifi na yi." Washegari ya kai ni Sakkwato. A layin asibitin na ga mata cike da benci, daga Sabon Birni, daga Gwadabawa, har daga hayin Nijar, wasu ba su kai ki shekaru ba, kowa na kallon ƙafarta. Likitar mace ce. Ta duba ni ba ta yatsine fuska ba, ta ce wannan abu ne da suke gani kullum, kuma da na zo da wuri da motsa jiki da zobe sun wadatar. Ta sa mini zoben roba da ke tallafe mahaifar daga ciki, ina zuwa ana dubawa. Ya taimaka, amma nawa ya yi nisa, ta ce ƙarshenta sai an yi aiki, watakila a cire mahaifar. Kin gani. Aikin da na guje wa don kada a yi mini dariya yana nan yana jirana, ya kuma karɓi ajina ya riƙe kafin in iso.

In kika taɓa jin nauyi a ƙasanki, ko fitsari na kuɓuce miki da tari ko dariya, ko kika taɓa wani abu da ba ki san shi ba, a makon nan za ki je asibiti. Ki gaya wa mijinki da sunan abin. Ki gaya mini.

Saura maganar hanya, wadda ke ma kin sani. Lokacin da aka ɗora ni a amalanke, ko ba komai hanya ta Allah ce, kowa na bi. Yanzu la'asar na yi babu direban da zai tayar da mota daga Isa, ko nawa za a ba shi. Wata rana ma tun safe ake cewa kada kowa ya fita. In naƙuda ta tsaya miki a ɗakin da Gwaggo ta share, kuma aka ce sai Sakkwato, wa zai kai ki? Itacen wankan zai kai ki?

Na san abin da za a ce. Za a ce Malama Asabe ta hana ɗiyarta ta fari goyon ciki, boko ya cinye ta, ba ta son ɗawainiya, dama can ba ta ƙaunar yarinyar. Gwaggonki za ta yi fushi, za ta kira ki a waya ta yi kuka, ta ce kin raina gidan ubanki. Kada ki yi musu da ita, babba ce, kuma ita ma abin tausayi ce. Ki ce, "Gwaggo, Malama ta hana, ta ce in na zo ba ta yafe ba." Ki ɗora mini duka. Na taɓa faɗin kalmar nan a inda ta cuce ni, bari in faɗe ta sau ɗaya a inda za ta yi amfani. Babanki ya sani, ya yarda, yau da safe na karanta masa abin da ya shafe shi a ciki.

Kuma don kada ki ce wasa nake, don na san taushin zuciyarki: in kika sauka a tashar Isa da cikin nan, ni da kaina za ni mayar da ke cikin motar da ta kawo ki, ko da duk kasuwa na kallo.

In kin sauka lafiya ni za ni zo, in hanya ta bari. Ba za ni iya ɗaga tukunyar wankanki ba, ba za ni iya daka miki yaji ba, sai dai in zauna kusa da ke in riƙe jaririn ki yi barci. Uwayen wasu da ƙarfinsu suke yi wa 'ya'yansu jego. Ni nawa ya ƙare. Abin da ya rage da nake iya ɗauka miki shi ne zagin garin nan, kuma na ɗauka.

Allah Ya raba ku lafiya, ke da shi, ta hanyar da ta fi zama alheri gare ki, ko wace ce. Allah Ya ba masu duba ki basira da tausayi. Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya tsare mijinki, Ya jiƙan Inna Ya yafe mata, Ya yafe mini abin da na tona. Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir. Ki gaida Malam Nasiru. In kun isa ki bugo wa babanki waya, zai ƙi cin abinci sai ya ji kun sauka.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Asabe